Fuskar Roba Ba Ta Ba da Numfashi a Rijiyar Yasore

Zuwa ga Baturen da ke kula da aikin rijiyoyi a ƙasarmu.

Ranka shi daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi da girmamawa. Ina gajiya, ina wahalar rangadi, yaya iyali na nan da na can ƙasarku? Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu kam muna nan yadda Allah ya bar mu.

Bayan gaisuwa, ni ne Tanko na Karare a ƙasar Batsari, heluma, wato shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu haƙa rijiya da ke ƙarƙashinka. Ko ba ka riƙe sunana ba, ka san fuskata. Ni ne dogon nan mai guntun yatsa a hannun hagu, wanda ka taɓa dafa wa kafaɗa a bakin rijiya ka ce zubin simintinsa ya yi kyau. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun diga ne.

Sau biyu ina takowa har Katsina don in gan ka ido da ido. Zuwan farko aka ce kana rangadi. Zuwa na biyu na ga motarka a ƙofa, na wuni a gindin bishiya, masinja ya ce ba ka ganin kowa. Shi ya sa na aika wa jarida. Wallahi ba don in kunyata ka ba ne. Ina so ne maganar ta isa kunnenka, ta kuma isa kunnen sauran masu haƙa, tun da sauran lokaci.

Ga abin da ya kawo ni. An aiko mini da takarda daga ofishinka cewa da an gama yankan dawa mu koma Yasore mu ƙarasa rijiyar da muka bari, da kayan aikin da ke hannunmu. A cikin wannan rijiyar ne ɗana da ƙanena suka rasu rana ɗaya, da bazarar da ta wuce, kowannensu sanye da fuskar robar da ka raba mana don tsare numfashi. Wannan fuskar tana cikin kayan aikin da aka ce mu koma da su.

Na farko, ina so ka san yadda muke aikinmu kafin ka kawo ta.

Haƙa gadona ne. Ubana ya yi, kakana ya yi, tun ba a san siminti ba. Ƙasarmu ta Batsari da Safana ƙasar dutse ce, da wuya ka yi gaba goma ba ka ci karo da shi ba. In diga ta fara tsalle tana fitar da wuta, sai mu jibga itacen ƙirya a kan dutsen mu cinna masa wuta, ya ci kwana guda yana ci, sa'an nan mu sheƙa ruwa daga sama, dutsen ya tsattsage. Amma kowane ɗan haƙa ya san bayan wuta iskar ƙasa takan lalace. Ba ta da wari balle ka ji, ba ta da launi balle ka gani, tana nan kwance a gindin rijiya kamar ruwa a kwatarniya. To, mu ba mu da injin komai. Abin da muke da shi haƙuri ne da fitila. Mukan ɗaure rassan sabara masu ganye a igiya, mu yi ta jefawa muna ja, safe da yamma, don a kore ta. Sa'an nan mu kunna fitila mu zura. In ta isa ƙasa tana ci, mutum ya shiga. In ta mutu a hanya, kowa ya nemi inuwa ya zauna, ko kwana uku ne, ko biyar. Ubana ya taɓa marina a gaban jama'a don na ce a shiga bayan fitila ta yi lumshe-lumshe kawai, ba ta ma mutu ba. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa fito da gawa daga rami ba sai bana.

Na biyu, maganar akwatin.

Da sanyin bara ka zo mana da kanka, da kai da tafintanka, kuka sauke akwati. A ciki akwai fuska biyu ta roba, masu idanun gilashi, da maɗauri ta bayan kai, da gwangwani a wajen baki. Tafinta ya ce ka ce kayan soja ne da suka rage bayan yaƙi, masu tsare mutum daga mugunyar iska. Ya ce ka ce daga yau ba sauran zaman kwana biyar a bakin rijiya ana kaɗa ganye, domin aiki na jira, garuruwa na jiran ruwa. Na tambaya a gabanka, na ce to fitila fa? Tafinta ya juya ya yi maka Turanci, ka yi murmushi, ya juyo ya ce mini fitila ta mutanen da ce. Mutum bakwai suka ji, biyar suna raye.

Wanda ya fi kowa murna shi ne ƙanena Ummaru, wanda muke kira Kofur. Ya yi yaƙin Bama can ƙetaren teku, ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya shigo aikin haƙa a bayana. Da ya ga fuskar nan sai ka ce ya ga tsohon abokinsa. Ya ce a bariki an taɓa kulle su a wani ɗaki aka cika shi da hayaƙi mai yaji, waɗanda suka sa ta suka fito suna dariya, wanda ya cire tasa ya fito yana hawaye da majina. Ya koya wa kowa yadda ake sa ta. Ya sa ta ya bi 'yan mata masu tallar fura, suka watse da ihu, muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Kaico! Ni ma na yi dariyar.

Na uku, ranar da abin ya faru. Zan faɗe shi yadda ya gudana, har da nawa laifin.

A Yasore mun tarar da dutse a gaba goma sha biyu. Mai fasa dutse da nakiya yana can wani gari, aka ce sai bayan wata guda. Ga takarda ta zo cewa lalle mu gama kafin ruwan farko mu wuce gaba. Sai muka yi yadda muka gada, muka sa wuta ranar Lahadi, muka zuba ruwa ranar Litinin. Ranar Talata da hantsi na kunna fitila na zura. A gaba tara ta mutu. Na jawo ta, na gyara lagwani, na sake kunnawa, na zura a hankali. Daidai wurin ta sake mutuwa, fuk. Iro, wanda ya fi kowa daɗewa tare da ni, ya ce, "Heluma, a kaɗa ganye." Kofur ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ita fitila ba ta da fuskar roba." Aka yi dariya. Na dubi rana, na tuna takardar ofis, na tuna murmushinka. Na ce a shiga.

Ranka shi daɗe, wannan kalma daga bakina ta fita. Ba zan ɗora wa kowa ita ba. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Ranar nan layin ɗana ne na kwashe toka. Magidanci ne, da matarsa da 'yarsa mai rarrafe, kuma duk ƙungiyar ba wanda ya kai shi iya tsaida bangon rijiya. Ni da kaina na ɗaura masa fuskar, na ja maɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Kofur ya zo ya rufe bakin gwangwanin da tafin hannu ya ce masa ya ja numfashi. Ya ja, robar ta manne masa a kumatu. Kofur ya ce haka ake gwadawa a soja, ta zauna daram. Ya hau sandar da ke bakin igiya, ya yi bisimilla, muka sassauta.

Ya isa ƙasa lafiya. Ya sauka daga kan sandar ya saki igiyar, kamar yadda kowa ke yi, domin da ita ake jawo bokiti. Bokiti ɗaya ya hau cike da toka. Muka mayar. Muka jira ya girgiza igiya, shiru. Iro ya ɗauko madubin da muke haska rami da shi, ya karkato rana ciki. Na leƙa na gan shi zaune ya jingina da bango, ƙafafu a miƙe, kamar mai hutawa. Hannunsa ɗaya yana kan fuskar, yana so ya ja, hannun ya zame.

Ban sani ba ko a ƙasarku akwai wannan al'ada. Mu a nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron", har ya yi gemu. Ranar nan na kifa cikina a bakin rijiya na ƙwala, "Sule! Sule!" Karo na farko ke nan da ya kamata ya ji sunansa a bakina. Rijiya ce kawai ta maido mini da muryata.

Kafin in ɗago, Kofur ya riga ya sa ɗaya fuskar. Na ce masa ya ɗaura igiya a ƙirji kada ya kwance ko me zai faru. Ya ce, "Yanzu zan kawo maka shi, Yaya." Muka zura shi da sauri. Da madubi muna kallo ya isa, ya tallafo Sule, ya kasa ɗaga shi da hannu. Sai na ga yana kwance igiyar daga jikinsa. Na yi ta ihu kada ya kwance, ina! Wanda ke cikin roba ba ya jin na sama. Ya zagaya ta ƙarƙashin hammatar ɗan wansa, ya fara ƙulli, sai ya durƙusa, sai ya kife a kansa. Muka ja da ƙarfinmu mu huɗu har muka faɗi da baya. Igiya ta hau ba kowa a jikinta.

Na kama ta zan shiga haka nan, fuska a buɗe. Mutanen Yasore suka danne ni a ƙasa, wani a ƙirji, wani a ƙafa. Na zage su, Allah ya yafe mini, na ciji wani bawan Allah a hannu. Mai gari ya tsaya a kaina ya ce biyu sun isa. Aka yi ta kaɗa ganye, aka yi ta zuba ruwa, abin da ya kamata mu yi tun da safe. Sai bayan azahar aka fito da su, da ƙugiyar da mata ke ciro guga in ya faɗa rijiya. Ni na kwance musu fuskokin. Maɗaurin yana nan tam yadda na ja shi, sai da na sa wuƙa. Kafin rana ta faɗi aka yi musu sutura, aka kwantar da su kusa da juna a maƙabartar Yasore.

Washegari da safe na shiga gidana a Karare da takalma ƙafa biyu a hannu, na Sule da na Ummaru. Uwar Sule tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi hannuna, ta ajiye rariyar a hankali, ta ce, "Malam, ina yaron?" Na ajiye takalman a gabanta. Har yau in ta tuƙa tuwo sai ta zuba a akushinsa, sa'an nan ta tuna, ta juye. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu da yarinyar. Ummaru ya bar mata da 'ya'ya uku, suna nan a hannuna. Mutumin da harsashin Bama bai samu ba, ramin gaba goma sha biyu ya cinye shi a ƙasarsu, da rana tsaka, ina riƙe da igiya.

Na huɗu, abin da na gano daga baya, wanda shi ne ya hana ni yin shiru.

Da farko na ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ba mai ja da ikon Allah. Amma igiya ta saɓule mini fatar hannu, ciwon ya ƙi warkewa, sai na je ɗakin shan magani a Safana. Malamin da ke wurin ya taɓa aiki a asibitin masu haƙar kuza a Jos. Yana wanke mini hannu ina ba shi labari. Da na kai kan fuskar sai ya tsaya cak da auduga a hannu, ya ce in kwatanta masa ita. Na kwatanta. Ya yi salati.

Sa'an nan ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce gwangwanin nan mataci ne kawai. In akwai iska mai kyau da aka gauraya da guba irin ta yaƙi, zai tace gubar ya ba ka iskar. Amma a gindin rijiya bayan wuta, iskar da mutum ke rayuwa da ita ce wuta ta cinye, babu abin da za a tace. Ya ce har ma irin gubar da garwashi ke fitarwa, ratsa gwangwanin take yi ta wuce kamar ba ya nan. Ya ce duk inda fitila ta mutu mutum ma zai mutu, da fuska ko ba fuska. Ya ce abin da ake shiga irin wannan rami da shi daban ne: fuska ce mai doguwar tiyo da ke zuwa har sama, mutum na bakin rami yana taka zuga-zugi yana tura wa na ƙasa iskar waje. Na ce to Bature bai san haka ba? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe mini hannu.

Ashe ubana da ya mare ni, bai san harafi ɗaya na boko ba, shi ke da gaskiya. Ashe da hannuna na ɗaure wa ɗana abin da ya hana shi ko kiran sunan Allah a ji. Wayyo ni, Tanko.

Na biyar, abin da idona ya gani a sitonku.

Zuwana Katsina na biyu na ɗauki fuskokin nan don in mayar. Mai sito ya shiga da ni ciki neman inda zai ajiye. A lungu na ga akwatuna biyu, murfin ɗaya a ɗage. Na leƙa: tiyo a naɗe kamar gammo, fuska a bakinta, ga zuga-zugin takawa da ƙafa, ko takarda mai maiƙo da aka naɗe shi da ita ba a cire ba. Daidai abin da malamin Safana ya kwatanta mini. Na zauna a kan buhun siminti. Na ce yaushe wannan ya zo? Ya ce mota ɗaya ta kawo su da fuskokin soja. Na ce me ya hana a ba mu? Ya ce an ce kaya ne masu daraja, 'yan ƙauye za su huda tiyon ko su yanka su yi wani abu da shi, a ajiye sai Bature ya sa hannu. Tun sanyin bara suna nan gizo-gizo na saƙa a kansu. Daga sitonku zuwa Yasore, wunin jaki ne da ɗan kai.

Bai ƙare nan ba. Akawu ya kira ni ya karanta mini abin da aka rubuta a kan rasuwar, ya fassara. Wai mamatan ba su ɗaura abin tsare numfashi daidai ba, saboda rashin sani. Haba, ranka shi daɗe! Haba! Wa ya zo ya tambaye ni? Wa ya tambayi Iro ko mai garin Yasore? Sojan da sarkinku ya koya wa sa ta, shi ne bai iya ba? Ni da na sa wuƙa kafin ta fita, ni za a gaya wa ba ta ɗauru ba? Sun mutu, an kuma bi su kabari da sunan wawaye. Da na ce ban yarda ba, akawu ya ce an riga an sa hannu. Daga nan mai sito ya miƙo mini fuskokin ya ce in koma da su, kayan ƙungiyata ne, a sa sabon maɗauri. Na sabo su a kafaɗa na dawo da su Karare. Suna nan a zaure, ba mai zuwa kusa da su.

Na shida, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

A Yasore mutane sun ce aljanin dutse ne aka ƙona wa gida ya rama. An yi sadaka, an yi addu'a, hankalin kowa ya kwanta. Ba wanda ya zargi fuskar. Ran kasuwar Batsari na haɗu da wani heluma ɗan'uwana da ke haƙa ta wajen Safana. Ya yi mini ta'aziyya, na ja shi gefe na gaya masa duk abin da na sani. Na ce don Allah don Annabi kada ya bar fitila. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda baƙin ciki ya taɓa wa kai, ya ce, "Tanko, sai haƙuri. Amma ai Bature ya fi mu sanin kayansa. An ce naku ba su ɗaura daidai ba ne." Ka ji inda rubutun ofishinka ya kai. Su ma da akwatinsu, su ma bayan kaka za su koma rami, su ma ƙasarsu dutse ce. Ni in na faɗa, an ce uban mamaci ne ke sambatu. Maganar da ta fito daga bakinka, bakinka ne kaɗai zai iya janye ta.

Wani zai ce to in ajiye aikin mana. Na yi wannan tunani, uwar Sule ma ta roƙe ni da hawaye. Amma in na ajiye, wani heluma za a ba rijiyar, wanda bai ga abin da na gani ba, ya tura ɗan wani da roba a fuska. Ga matan Yasore kuma, da rani tun asuba suke fita neman ruwa sai hantsi ya dubi ludayi su dawo da tulu ɗaya mai laka. Dutsen ya riga ya tsage, na ga damshi a tokar bokitin ƙarshe da Sule ya aiko. Ruwan na kusa. Ba zan so a ce ramin da ya ci mutum biyu bai shayar da kowa ba.

Saboda haka ga roƙona, ranka shi daɗe, ina durƙushe.

Ka aika wa kowace ƙungiya, da Hausa, da bakin mutum ba da takarda kaɗai ba, cewa fuskar soja ba ta ba da numfashi a rijiya. A tattara su a mayar inda suka fito. A ce musu Bature ya ce a koma wa fitila, kuma in ta mutu a zauna, ko kwana nawa ne, ba wanda za a ce ya yi lalaci.

Ka sa hannu a fito da akwatunan nan biyu daga sito, a turo wanda zai koya mana. Biyu ba za su ishi kowa ba, na sani, amma ba kullum ake tarar da dutse ba, a riƙa kai wa wanda ya sa wuta. In tsoron lalacewa ake yi, ni na ɗauki amanar, zan kwana da tiyon a ɗakina. In kuma zuga-zugin ne ba za a iya rabuwa da shi ba, a ba mu tiyo da fuskar kawai. Na yi magana da wani maƙeri a Batsari, ya ce zai ɗinka mana babba na fatar akuya, mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa. Ka aiko wanda ya sani ya duba ko zai yi, domin na daina amincewa da abin da ban gane ba.

Sa'an nan a gyara rubutun nan. Ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a kama kowa ba. A rubuta cewa Sule ɗan Tanko da Ummaru Kofur sun ɗaura abin da aka ba su yadda aka koya musu, abin ne bai dace da rijiya ba. A rubuta cewa heluma ya ga fitila ta mutu sau biyu ya ce a shiga, ban ce a ɓoye ba. Yarinyar nan da 'ya'yan Ummaru za su girma, wata rana wani zai karanta musu.

Ban ce ka yi da gangan ba. Mai yiwuwa kai ma wani ne ya miƙo maka akwatin ya ce yana da kyau, ka yarda da shi yadda muka yarda da kai. Na ga rijiyoyin da aka gina a zamaninka, na sha ruwansu, ba zan yi butulci ba. Amma yanzu ka ji, kuma duk wanda ya karanta ko aka karanta masa ya san ka ji.

Dawa ta fara sunkuyar da kai, yanka ya kusa. Ranar da aka sa mana zan kasance a bakin rijiyar Yasore da mutanena, ko akwatin ya iso ko bai iso ba. In bai iso ba zan zura fitila in jira, ko da za a kore ni. Ranar da za a shiga kuma ni zan fara shiga, da furfurata. Ba zan tura ɗan kowa ba, nawa kuwa babu saura.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin gaskiya tun kana da iko. Allah ya mai da kai ƙasarku lafiya ka tarar da naka lafiya. Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya sa su ne za su binne ka.

Wassalam.

Ni ne naka mai biyayya,
Tanko mai haƙa rijiya, Karare, ƙasar Batsari.